Ka sa sabon katin hoto a tsohuwar kwamfuta ta ƙi nuna komai? Ga inda za ka fara dubawa

Wata Alhamis da bazara, ranar da Damagaram ke cika da 'yan kasuwa, wani matashi daga Birni ya sauko daga kabu-kabu a ƙofar shagona, rungume da akwatin kwamfuta kamar mai ɗauke da marar lafiya. Aikinsa haɗa bidiyon biki da suna. Ya daɗe yana tara kuɗi, ya aika Kano aka sayo masa katin hoto GTX 1050 Ti, ya sa da hannunsa, ya kunna, fanka tana juyawa amma ekiran baƙi ƙirin.

"Malam, an cuce ni. Katin nan matacce ne."

Na ce ya jona mini wayoyin yadda ya jona a gida. Sai ya ɗauki shuɗiyar wayar VGA ya soka ta a ramin da take shiga tun ran da ya mallaki kwamfutar, wato ramin uwar allo, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi, can sama kusa da ramukan USB. Ba laifinsa ba ne, don a jikin sabon katin babu ramin da wayar tasa za ta shiga. Kati lafiyarsa lau. Muka nemo 'yar na'urar da ke mai da HDMI zuwa VGA, hoto ya fito tar.

Abin da shekarun gyara suka koya mini ke nan: in ka sa kati ya ƙi, katin shi ne na ƙarshe da za ka zarga. Ka fara da abin da dubawarsa ba ta cin ko dala, ka canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, sannan ka matsa gaba. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi, bai san wanne ne ya gyara ta ba, gobe kuma in ta sake yi zai koma gidan jiya.

Kafin ka buɗe akwati

Zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 10 don ragowar wutar da ke ciki ta fice. Taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannunka kafin ka taɓa kati. Da hunturu wannan ba wasa ba ne: iska a bushe take, rigar roba kawai ta isa ta tara maka wutar da za ta yi tartsatsi a yatsa, kuma tartsatsin da kai ko ji ba za ka yi ba yana iya lalata kati. Riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinariya.

Sai ka leƙa bayan akwatin wutar kwamfutar, wanda masu gyara a nan ke kira alimantasiyo. Wasu tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, saboda haka 230 ya kamata ya nuna. In hannu ya goge shi ya koma 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Shi kansa akwatin wutar kada ka kwance shi, akwai wuta mai kisa da ke kwana a cikinsa ko an zare waya.

Mataki na 1: waya da ekiran

Wayar ekiran a jikin katin za ta shiga, ƙasa, inda ramukan ke kwance. Yawancin kwamfutoci suna rufe ramin uwar allo da zarar sun ga an sa kati. Sannan ka danna maɓallin ekiran ɗin ka zaɓi ƙofar da ka jona, HDMI ko DVI ko VGA, don tsofaffi da yawa ba sa ganewa da kansu.

Akwai tarko a nan da ke kama mutane sosai a wajenmu, tunda yawancin ekiran ɗin da ke hannun jama'a VGA kawai gare su. Ramin DVI iri biyu ne da ake yawan gani. DVI-I yana da ƙananan huda huɗu kewaye da doguwar tsagar da ke gefe, shi ne ke karɓar ɗan kan nan mai arha da ke mai da DVI zuwa VGA. DVI-D ba shi da waɗannan huda huɗun, kuma ba ya fitar da siginar da VGA ke ganewa. Katunan NVIDIA tun daga jerin GTX 10 na 2016 DVI-D gare su. Ko ka samu kan da ya shiga, hoto ba zai zo ba. Abin da kake buƙata na'ura ce mai ƙwaƙwalwa a ciki, daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. In kana da talabijin mai HDMI a gida, gwada a kanta tukuna, nan take za ka san ko matsalar waya ce.

Mataki na 2: zaman katin a gurbinsa

Gurbin da ake so shi ne PCIe x16, mafi tsawo, wanda ya fi kusa da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Cire katin, amma ka tuna akwai 'yar sakata ta roba a ƙarshen gurbin. Sai ka danne ta ko ka ture ta gefe sannan ya fito. Na ga uwar allon da aka tumɓuke wa gurbi ɗungurungum saboda an ja da ƙarfi ba a saki sakatar ba.

Hura gurbin. Kwamfutar da ta yi shekara goma wannan gurbin na buɗe, ƙurar hunturu ta riga ta yi gida a ciki. Goge haƙoran katin da abin goge fensir mai tsabta, a hankali, ka karkaɗe ɓurɓushin. Mayar da shi, ka danna kai da gindi daidai wa daida har ka ji sakata ta ce ƙas. Duba da fitilar waya: kada ka ga haƙora a waje ta gefe ɗaya. Sau da yawa ƙarfen bayan katin ne ke tokarar akwati ya hana shi zama, musamman a siraran akwatunan ofis da ake kira SFF, waɗanda gajeren ƙarfe suke so. Katin da aka yi domin su yakan zo da ƙarfe biyu a kwali, dogo da gajere, sukundireba kawai za ka sa ka musanya.

Tunda hannunka ya shiga ciki, danna sandunan RAM ma. Gwiwar hannu takan taɓa su ba ka sani ba.

Maganar zamani kuwa kada ta dame ka. PCIe 1.0 ya fito a 2003, 2.0 a 2007, 3.0 a 2010, 4.0 a 2017, kuma an tsara su ne sabo ya yi aiki a gurbin tsoho, sai dai ya rage gudu. Wanda ba ya haɗuwa da su sam shi ne AGP na kwamfutocin farkon shekarun 2000. Mai wannan gurbin, gaskiya kuɗin kati gara ya ƙara ya sayi wata kwamfutar.

Mataki na 3: wuta

A nan ne zan daɗe, domin a nan mafi yawan jikkunan mutane ke ƙonewa.

Gurbin PCIe x16 iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Katin da ke cin fiye da haka yana da rami a kafaɗarsa da ake jona masa ƙarin wuta kai tsaye daga akwatin wuta: mai huda 6 yana ƙara wat 75, mai huda 8 yana ƙara 150. In katinka yana da wannan ramin ka bar shi wayam, ba zai tashi ba. Wasu katunan har rubutu suke fitarwa cewa a kashe a jona musu waya, wasu kuwa shiru kawai.

Ga cin wasu katunan da suka fi yawo a hannun mutane: GT 1030 wat 30, GTX 750 Ti wat 60, GTX 1050 Ti da GTX 1650 wat 75, GTX 1060 wat 120, RX 580 wat 185. Yanzu karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutarka. Siraran kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex 7010 da HP Compaq 8300 wat 240 ne akwatin wutarsu. Kada babbar lambar ta ɗauke maka hankali, nemi layin da aka rubuta +12V, don daga nan kati da firosesa ke sha. Ninka lambar amfiya da 12. In an rubuta 17A, wat 204 ke nan. Firosesa Core i5-2400 yana iya cin wat 95, Core i5-3470 kuwa 77. Ɗora kati mai 75 a kan na farkon, ka kai 170 tun ba ka lissafa faifan ajiya da fankoki ba. A takarda ya shiga. Amma akwatin wutar da ya yi shekara goma sha yana aiki, a ɗakin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba lallai ya iya ba da abin da aka rubuta masa yana sabo ba. Ƙari a kan haka, wasu ƙananan kwamfutocin an rubuta 25W ko 35W a jikin uwar allo kusa da gurbin. Haska fitila ka karanta.

Alamun ƙarancin wuta ba su da wuyar ganewa in ka san su. Kwamfuta ta kunnu daƙiƙa ɗaya ta mutu. Ko ta tashi lafiya, kana rubutu ba komai, amma da ka buɗe wasa ko ka fara fitar da bidiyo sai ta ɗauke ɗif kamar an zare waya, ta sake tashi da kanta. A kwamfutocin ofis na HP na wancan zamani, in fitilar kunnawa ta ƙifta ja sau 4 tare da ƙara, wuta ce ta gaza. Sau 5 RAM ne. Sau 6 ɓangaren hoto ne. Wasu allunan kuma doguwar ƙara ɗaya da gajeru biyu suke yi in ba su ga kati ba. Ka kasa kunne ka ƙirga.

Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne 'yar wayar nan da ke mai da wutar SATA, wadda ake jona wa faifan ajiya, zuwa huda 6 ko 8. Kan SATA an yi shi ne ya ɗauki wat 54 a layin 12V. Ka rataya masa RX 580, roba za ta yi laushi, ta narke, wani lokaci ta kama wuta. Na taɓa karɓar wata kwamfuta da kan wayar ya zama dunƙulen baƙar roba manne da faifan ajiyar mai ita, aikinsa na wata da watanni a ciki. In akwatin wutarka bai zo da waya mai huda 6 ba, to yana gaya maka ne ba a yi shi don wannan nauyin ba.

Mafita biyu ce. Ko ka sauya akwatin wuta, ko ka koma kan katin da gurbi kaɗai ya ishe shi. Kafin ka sayi sabon akwatin wuta, duba babbar wayar da ke shiga uwar allo. In mai huda 24 ce, yawanci na kasuwa zai yi, muddin ya shiga akwatin. OptiPlex 7020 da 9020 kuwa huda 8 gare su, HP 8200 da 8300 huda 6, tsarin kamfanin ne na kansa, na kasuwa ba zai shiga ba sai da wayar musanya ta musamman. Ga mai irin waɗannan, ra'ayina GT 1030 ko gajeren GTX 1050 Ti ya fi kwanciyar hankali. In GT 1030 ce, nemi mai GDDR5. Akwai mai DDR4 da suna iri ɗaya amma ƙarfinta ya yi ƙasa sosai.

Wutar gari ma tana da nata. In ta yi rauni da yamma, lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, ko kana kan janareto, kwamfutar da a da take jurewa tana iya fara mutuwa yanzu da nauyi ya ƙaru. Gwada ta da safe ka gani. In da safe lafiya, da yamma matsala, na'urar daidaita wuta kake buƙata, ba sabon kati ba.

Mataki na 4: BIOS

Waya daidai, kati ya zauna, wuta ta isa, har yanzu baƙi. Cire katin, mayar da waya ramin uwar allo, kunna, ka shiga BIOS, wato saitin uwar allo da ake shiga kafin Windows ya buɗe, ta hanyar danna maɓalli: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, Del a yawancin sauran, wanda a madannin faransanci aka rubuta Suppr. Nemi wurin zaɓar hoton farko. In yana kan IGD ko Onboard, wato hoton uwar allo, mai da shi PEG ko PCIe, wato katin, ko Auto. Ajiye, kashe, mayar da kati.

Akwai saɓani tsakanin tsohon BIOS da sabon tsarin UEFI, kuma ta fuska biyu yake zuwa. Kwamfutar da ta zo da Windows 8, wato daga 2012, takan ƙi tsohon katin da bai san UEFI ba. Maganin shi ne ka kashe Secure Boot ka kunna Legacy ko CSM. Kwamfutar da ta girmi haka kuma wani lokaci ita ce ba ta gane sabon kati, sai ta tsaya cak a tambarin kamfani. Wannan sabunta BIOS ne ke warware shi, in kamfanin ya fitar da sabuntawar. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, da lambar samfurin kwamfutarka daidai. Kuma don Allah kada ka fara sai kana kan batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Minti biyu ne aikin, amma in wuta ta tafi a tsakiyarsa uwar allon na iya tafiya tare da ita.

In agogon kwamfutar yana komawa baya kullum, ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, kuma duk saitin da ka yi zai goge da an zare waya. Sauya shi. Cire shi na minti biyar ma yana mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani, abin da kan tayar da kwamfutar da ta rikice.

Mataki na 5: direba

Hoto ya fito amma manya-manya, a baje. Wannan labari ne mai daɗi, kati yana aiki, direba ne babu, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin. Buɗe Gestionnaire de périphériques, tunda yawancin Windows ɗinmu na faransanci ne, ka duba ƙarƙashin Cartes graphiques. In ka ga sunan Microsoft maimakon sunan katinka, direba bai hau ba.

In a da akwai wani katin, musamman in daga AMD ka koma NVIDIA ko akasin haka, share tsohon direba da manhajar DDU a cikin Mode sans échec, yanayin da Windows ke tashi da 'yan abubuwan dole kawai, intanet a kashe, don kada Windows ya riga ka ɗora nasa. Sabon direban daga shafin NVIDIA ko AMD za ka ɗauko. Yana da nauyi, megabait ɗaruruwa ne, saboda haka sauke shi tun kafin ka fara aikin, ka ajiye a kile na USB.

Duba Windows ɗinka ma. NVIDIA ta daina yi wa Windows mai 32-bit sabon direba tun 2018. Microsoft ta janye tallafin Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 a Oktoban 2025. Mai Windows 7 ya tabbata katin da zai saya yana da direban da ya dace da shi.

Sauti in ya ɓace bayan ka sa kati, ba abin da ya lalace. Windows ne ya karkatar da shi zuwa HDMI, mayar da shi kan lasifika a saitin sauti.

Mataki na 6: yanzu sai a tuhumi katin

Alamar rawaya da Code 43 a kan sunan katin cikin Gestionnaire de périphériques bayan ka share ka sake ɗora direba, ko layuka da ɗigo-ɗigo masu launi tun a tambarin farko kafin Windows ya buɗe, waɗannan kam suna nuni ga katin. Hujjar da ba ta da gardama ita ce musanya: kai katinka kwamfutar wani mai isasshiyar wuta, ka kuma sa wani katin lafiyayye a taka. Fankar kati da ba ta juyawa ba hujja ba ce, da yawa ba sa motsi sai sun ɗau zafi.

Akwai na jabu. An sha ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa suna ya riƙa nuna GTX 1050 Ti. In ka ga "1050 Ti" da shuɗin ramin VGA a jiki da araha mai ban mamaki, ka yi hattara. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana tona da yawa daga cikinsu, tana kuma nuna ainihin ƙwayar da ke ciki. Sa ta a kile ka tafi da ita wajen saye, a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Na san ana jin nauyin yin haka in mai sayarwar sananne ne, amma mai kaya na gaskiya ba ya ƙin gwaji.

In komai ya tashi amma ba ka gamsu ba

Buɗe GPU-Z a shafin zafi, ka sa aiki mai nauyi na minti 20. In kati yana wuce digiri 85, ko gudu yana raguwa bayan ɗan lokaci, iska ce ta yi kaɗan. Ɗaga akwatin daga ƙasa, inda rairayi ke shiga, ka ɗora a tebur, ka janye shi daga bango. Cire mayafin da aka lulluɓa masa don ƙura duk lokacin da yake kunne. Hure fankoki, kana riƙe da su da yatsa kada su yi ta wulwulawa. Katin da aka saya na hannu yakan so a sauya masa man da ke tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya, don ya bushe ya zama kamar alli. In ba ka saba ba, kai wa mai gyara.

In kuwa zafi daidai ne amma wasa na sarƙewa, buɗe Gestionnaire des tâches. Firosesa a kashi 100, kati a 40, to firosesan ne ya gaji. Core 2 Duo na 2006 ba zai iya ciyar da katin 2019 ba, duk tsadarsa. RAM ma haka: mai giga 4 ya kai ta 8 kafin ya sake tunanin wani kati.

Shi dai matashin Birni, bayan hoto ya fito mun tarar akwatin wutarsa wat 300 ne mai huda 24, ya ishi katin. Muka ɗora direba, muka bar bidiyon wani biki yana fita har aka kira la'asar, zafin kati bai wuce 74 ba. Ya naɗe wayoyinsa, na manna masa 'yar farar takarda a kan tsohon ramin VGA don kada ƙannensa su mayar da waya can, ya tare kabu-kabu.